Wa Ya Kai Yaron Makaranta?



A cikin watan Satumba na kowace shekara, sa'ad da damina ta soma haramar tafiya, masara ta nuna a gonaki ana jiran ta sha iska a karye ta, akwai wata safiyar Litinin da ba ta kama da sauran safiyoyi a ƙasashen Ikara da Maƙarfi da Kudan, domin tun kafin hantsi ya dubi ludayi za ka ga hanyoyin da suka yi kusan wata biyu ba mai bin su sai manoma da makiyaya sun cika da yara, waɗansu da sabon ɗinki wanda ko allin tela bai gama gogewa daga jikinsa ba, waɗansu da wandon bara da ya ɗage ya bar musu ƙwauri a waje, kowa riƙe da tsintsiya ko lauje. Ni uba ne, na kuwa daɗe ina kallon wannan ayari, a Tashar Yari da Gimi, a Paki da Auchan, a Hunƙuyi da Likoro, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai a duk lokacin da na gan shi, shi ne da wuya ka hangi babba ko guda ɗaya a cikinsa. Yara ne ke jan yara. 'Yar shekara tara ce za ka gani riƙe da hannun ƙanenta mai shekara shida wanda bai taɓa taka ƙofar aji ba, ita ce waliyyinsa, ita ce za ta faɗi sunansa da sunan ubansa a rubuta a rajista, alhali kuwa uban yana nan da ransa da lafiyarsa, la'alla ma yana zaune a dakalin ƙofar gida sa'ad da suka wuce.

Abin da ya sa al'amarin ke ba ni mamaki shi ne, mu ba mutanen da suka jahilci yadda ake kai yaro wurin malami ba ne. Duk wanda ya yi karatun allo ya san ranar da aka sa shi, uba ne ko baffa ya kama hannunsa har zauren malam, ya yi sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa aka gaisa, sa'an nan ya ce, “Allah gafarta Malam, ga almajiri na kawo maka.” Malam ya tambayi sunan yaro, ya shafa kansa, ya jawo ɗan ƙaramin allo ya rubuta masa na farko, aka yi fatiha, aka raba waina ko ƙosai sadaka, yaran makaranta duka suka shaida cewa yau an sami sabon ɗan'uwa. Daga ranar kuma igiya ba ta yankewa tsakanin gida da zaure, saboda kowane mako akwai kuɗin Laraba, in yaro ya kai wani matsayi a karatu akwai sadakarsa, har ranar da zai yi sauka a tara jama'a. Malaman fiƙihu sun karantar da mu cewa ciniki ko aure ba ya ƙulluwa sai da ijabi da ƙabuli, watau wannan ya ce na bayar, wancan ya ce na karɓa. To, haka kakanninmu suka ɗauki miƙa yaro ga malami, amana ce da ake bayarwa hannu da hannu. Amma ɗan makarantar boko, a galibin garuruwanmu, ba wanda ya ce na bayar, ba wanda ya ce na karɓa; aikensa kawai aka yi, ya je ya sami wuri ya zauna.

Wannan hali yana da asali, kuma adalci ne a faɗe shi. Lokacin da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a shekarar 1909, aka kuma buɗe ta Zariya a 1910, wadda daga baya ta zama Kwalejin Alhudahuda, ba iyaye ne suka roƙa ba. Haka kuma sa'ad da elementare ta bazu zuwa garuruwan hakimai a ƙarƙashin En'e, umarni ne yake gangarowa daga Razdan zuwa Sarki, daga Sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci da mai unguwa, cewa a kawo yara kaza. Tsofaffi sun ba mu labarin yadda akan ɓoye yaro a rumbu, ko a tura shi gabas almajiranci da daddare, ko a nemo maraya ko ɗan barantaka a miƙa a madadin ɗan gida, saboda tsoron kada a raba shi da addininsa. Ba kuwa yadda za a yi mutum ya yi wa ɗansa rakiya da fatiha da waina zuwa wurin da ƙwace shi aka yi aka kai. Tsoron ya gushe a hankali, musamman da aka ga irin mutanen da Kwalejin Katsina ta yaye, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta dawo Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau, da kuma wa'azin da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yi ta yi tun daga 1939, da gangamin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950. Ƙiyayya ta tafi, amma nesa-nesan da ta haifar bai tafi ba. Mun yarda yaro ya je, ba mu koyi kai shi ba.

Ni ina cikin waɗanda guguwar 1976 ta kwasa, shekarar da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da ilimin firamare kyauta ga kowa a watan Satumba. An yi lissafin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a ƙasar nan, sai ga kimanin miliyan 3 sun bayyana, ba azuzuwan da za su ɗauke su, ba isassun malamai, har ya zama dole a kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a cikin shekarar domin horar da waɗanda aka ɗiba da gaggawa. Ba mai takardar haihuwa a cikinmu, saboda haka mai unguwa ya jera mu a gindin mangwaro, aka riƙa cewa kowa ya ɗora hannun dama bisa kansa ya kamo kunnen hagu; wanda yatsunsa suka taɓa kunne ya isa karatu, wanda suka gaza a ce ya dawo baɗi. Na tuna wani yaro da ya riƙa karkatar da wuya yana miƙa kunnen da ƙarfin tsiya don kada a raba shi da abokansa, da wani kuma da ya ƙanƙame kafaɗa da gangan, don uwarsa ta yi masa huɗuba tun a gida. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana gona a ranar. Ba ya adawa da boko, hasali ma shi ya ce in tafi, amma a wurinsa wannan sha'anin hukuma ne, kamar haraji ko lambar rigakafi, ba wurin da magidanci zai je ya durƙusa ya ce ga amana ba. Shi ɗin ne kuwa ya kai ni zauren malam da hannunsa shekara guda kafin nan.

Tun daga lokacin an sake shiri, an sake suna. A 1999 aka ƙaddamar da sabon tsarin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato, a 2004 aka yi masa doka wadda ta wajabta shekara tara na karatu kyauta a kan kowane yaro, har ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi. Amma doka tana iya tilasta wa mutum ya saki ɗansa, ba ta iya sa masa kishin wurin da ɗan ya tafi.

Ku dubi yadda makon farko yake wucewa a yawancin makarantun ƙauyukanmu. Ciyawa ta rufe fili saboda hutun ya faɗo a tsakiyar damina, iskar farkon ruwa ta yaye kwanon wani aji ba a mayar ba, awaki sun yi wa wani aji barga, saboda haka ranar Litinin shara, Talata yankan ciyawa, Laraba a jera abin da ya rage na bencina. In ka tambayi uba don me ɗansa ke gona alhali an koma makaranta, sai ya ce, “Ai ba a fara karatu ba tukuna, shara suke yi.” In ka tambayi malami don me bai fara darasi ba, sai ya ce, “Ai yaran ba su gama dawowa ba, wa zan koya wa?” Kowannensu yana da hujja, kowannensu kuma hujjarsa ɗan'uwansa ne, ta haka mako biyu sukan salwanta daga zangon da bai fi wata uku da 'yan kwanaki ba, ba tare da an sami wanda za a ce shi ya yi laifi ba. Hausawa kuwa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Da a ce magidanta goma na unguwa za su fito da fartanya ranar Asabar ɗin da ke gaban komawa, kamar yadda suke fitowa aikin gayya in za a gyara maƙabarta ko filin idi, da hujjar shara ta faɗi tun ba a kawo ta ba.

Ba na son in zalunci manomi a cikin wannan magana, domin haƙiƙa Satumba mugun lokaci ne ga aljihunsa. Rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai shigo sosai ba, kuɗin da ke hannu duk an zuba su a taki da maganin feshi, galibi ma da bashi a kai, rake kuwa, wanda shi ne ƙashin bayan arzikin Maƙarfi da kewayenta, sai gaba za a fara saransa. A cikin wannan tsaka mai wuya ne za a ce ga ɗinkin inifom, ga takalmi, ga littattafan rubutu da fensir, ga kuɗin tara kullum safiya, ga waɗansu 'yan kuɗaɗe da akan ƙirƙiro musu suna iri-iri ko da yake an ce karatu kyauta ne. Mai 'ya'ya shida ko bakwai a makaranta sai ya haɗa lissafin ya ga ya tasar wa buhun masara, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kome ya yi tashin gwauron zabo. Tsofaffin 'yan makaranta za su tuna cewa a zamanin elementare da midil a watan Janairu ake fara shekarar karatu, lokacin da an kai auduga da gyaɗa kasuwa, kuɗi na hannu, aikin gona ya yi sauƙi. Daga baya ne aka mayar da ita Satumba, irin ta ƙasashen Turai, inda watan yake zuwa bayan sun gama girbin alkamarsu, mu kuwa a nan yake zuwa daidai lokacin da gona ta fi bukatar hannu. A ganina wanda ya tsara haka bai yi shawara da mai garma ba. Amma duk da haka, taka ƙafa zuwa makaranta ba ya cin ko kwabo, kuma wanda bai iya ɗinka wa yaro riga a makon farko ba shi ya fi kowa bukatar ya je ya faɗa wa hedimasta da bakinsa, a yi masa uzuri zuwa kaka, maimakon ya ɓoye yaron a gida har sai an sayar da masara.

Akwai kuma wani sababi da ba a cika ambata ba, watau alkunya. Bahaushe na asali yana jin nauyin a gan shi yana rawar jiki a kan ɗan cikinsa, balle ɗan fari wanda ko sunansa ba ya kamawa, har yakan ga cewa riƙe hannunsa a bainar jama'a rashin ta-ido ne. Wannan ɗabi'a ce mai kyau a muhallinta, ba kuma ni zan ce a yar da ita ba. Sai dai waɗanda suka gadar mana da ita sun gadar mana da mafitarta, domin ba su taɓa barin yaro ba waliyyi saboda kunya ba. In uba ya kauce, baffa ko kawu ko gwaggo ke tsayawa, su ke kai shi makaranta, su ke karɓa masa aure. Mun riƙe kunyar, mun saki wakilcin.

A bana na kai autana aji ɗaya da kaina. Tun da asuba kakarsa ta tasa shi gaba da tsiya, tana cewa, “Angon nawa, yau kuma boko za a tafi a bar ni? To, in ka zama likita kada ka yi mini kishiya.” Uwarsa ta ɗaure masa ɗumamen tuwo a 'yar roba, ta yi ta gyara masa wuyan riga wadda da gangan aka ɗinka ta da girma don ta kai shi baɗi. Da muka isa an riga an buga ƙararrawa, watau tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a reshen darbejiya, yara sun yi layi. Ina yin sallama a ƙofar ofis sai hedimasta ya miƙe tsaye, fuskarsa ta sauya, ya ce, “Lafiya dai, Alhaji? Wani ne ya taɓa shi?” Na ce, “Lafiya ƙalau, Malam, ɗalibi na kawo maka.” Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya yi dariya ya jawo mini kujera, ya ce in yi haƙuri, su a saninsu uba ba ya zuwa sai in an bugi ɗansa ya zo faɗa, ko in an kore shi ya zo biko. Ya kira malamar ajin, yarinya ce da ba ta daɗe da gama kwalejin horon malamai ba, na ce mata ga shi nan amana, ta ɗan rusuna ta ce, “Na karɓa, Baba, Allah ya taya mu riƙo.” Shi kuwa gogan yana ƙanƙame da gefen babbar rigata, da ya ga za a shige da shi sai ya ɗago kai ya ce, “Baba, kai ma a nan za ka zauna?”

Ban zauna ba, amma na leƙa, kuma abin da na gani cikin ɗan lokacin nan ya fi abin da rahoton ƙarshen zango zai gaya mini. Na ga yara sun cika ɗaki har bakin ƙofa, na gaba a ƙasa, na baya a kan benci, allon bango ya koɗe har alli ba ya kama shi sosai. Na ga kuma malamar ta fara kiran suna tana duban fuskar kowane yaro kafin ta yi maki, na san cewa aƙalla wannan ta san aikinta.

Jama'a za su tuna abin da ya faru a jiharmu ta Kaduna a 2017, sa'ad da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba, aka sallame su, ƙungiyar malamai ta yi yajin aiki, aka yi ta muhawara a kan ko an yi musu adalci ko ba a yi ba. Ba wannan muhawara ce ta dame ni yau ba. Abin da ya dame ni shi ne, sai da hukuma ta zo daga Kaduna da takardar jarrabawa kafin mu san halin da ajin 'ya'yanmu ke ciki, mu da muke kwana gari ɗaya da malaman, muke sallah sahu ɗaya da su. Da yaron allo zai shekara biyu bai wuce babbaƙu ya shiga farfaru ba, da tuni ubansa ya je ya ji dalili, ko ya sauya masa malami. Amma yaro yakan gama aji shida bai iya karanta wasiƙar Hausa ba, uban bai sani ba sai ranar da ya miƙa masa takardar asibiti ya ce karanta mini. Haka kuma da aka fara ciyar da 'yan firamare a farkon 2016, azuzuwa suka cika maƙil, sa'an nan aka riƙa ganin waɗansu na sulalewa da zarar an sauke tukunya. Wannan ya nuna yunwa gaskiya ce, ba a musun ta. Ya kuma nuna cewa yaron da abinci ya kawo, ba uba ba, abinci ne zai sallame shi.

Sai maganar 'ya'ya mata, wadda ita ce ta fi nauyi. A safiyar nan da nake ba ku labari, cikin waɗanda suka yi dafifi a bakin ƙofar makarantar akwai 'yan mata ƙanana ɗauke da farantan talla, gyaɗa da dafaffiyar masara da awara, suna jiran a fito tara su sayar wa tsararrakinsu. Ba wanda zai ce addini ne ya tsayar da su a waje, domin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albabi ya yi kakkausan suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuwa, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa tsarin 'yan taru, tana tura matan da ake kira jaji zuwa ƙauyuka suna karantar da mata a gidajensu. Mu ne kuma, in matanmu za su haihu, muke cewa lalle sai mace ta duba su. Ga makarantar koyon aikin lafiya nan a cikin garin Maƙarfi, wadda aka sa wa sunan marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris. Ungozomar da muke nema daga irin wannan makaranta za ta fito, ba kuwa za ta shiga can ba sai ta bi ta aji ɗaya. Na san akwai fargaba ta gaskiya, musamman ga wadda ta gama firamare za ta ƙaramar sakandare a wani gari, ta bi ta cikin gonakin rake da dawa, ta ƙetare rafi in ya kawo, kuma sace 'yan makarantar Kuriga da aka yi a ƙaramar hukumar Chikun a watan Maris na 2024 bai bar zuciyar kowane uba a jihar nan ba. Amma uban da ya taka hanyar da ƙafarsa shi ne zai san inda take da haɗari, ya san 'ya'yan wa da wa ke bin ta, ya nemi iyayensu a haɗa yaran su riƙa tafiya tare, ko a yi karo-karo a ɗaukar musu mai babur amintacce.

Kafin in bar makarantar na ba malamar lambar wayata, na karɓi tata da ta hedimasta, na kuma tambayi ranar da kwamitin kula da makaranta ke zama, wanda ake sa mai unguwa da liman da wakilan iyaye maza da mata a cikinsa. Amfanin lambar zai bayyana nan gaba kaɗan, in an shiga saran rake da dafa mazarƙwaila da tsinkar barkono, lokacin da yara kan fita da inifom da safe su ɓuge a gonar wani suna ƙwadago, uwa na zaton suna aji, malami na zaton suna gida.

Uban da bai sami zuwa ranar Litinin ɗin farko ba, kada ya ce lokaci ya wuce. Ya tafi da takardar haihuwar yaron in yana da ita, in babu ya nemi ta Hukumar Ƙidaya a asibitin da ke kusa da shi ko a sakatariyar ƙaramar hukuma, ya kuma yi sammako, domin da zarar an fito tara hedimasta ba ya samun sukunin zama da baƙo.